Ludger Bellavance, Kyaftin ɗin da Ya Karɓi Kofi da Hannu Biyu

Haihuwa da Asali

An haifi Ludger Bellavance a watan Fabrairun shekarar 1949 a garin Val-Sorbier da ke arewacin lardin Kebek a ƙasar Kanada. Mahaifinsa, Wilbrod Bellavance, mahaƙin tagulla ne da ya baro ƙauyensu na bakin kogi ya zo neman abin kai wa baka a lokacin da aka buɗe ramin ma'adinai na garin. Mahaifiyarsa kuwa, Alphonsine Gingras, tela ce da ke ɗinki a cikin gida. Shi ne na shida cikin 'ya'ya tara, kuma kamar kowane yaro a garin, ya iya zamiya a kan ƙanƙara tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Da zarar sanyi ya kankama, mahaifinsa yakan kwarara ruwa a bayan gida ya daskare ya zama filin hoki, yaran unguwa su wuni a kai da sanduna suna bin ɗan baƙin faifan roba har iyayensu mata su gaji da kira. Takalman wasan da ya fara sawa sun riga sun ratsa ƙafafun yayyensa uku, sai an cusa musu tsohuwar jarida kafin su zauna masa.

Karatu

A shekarar 1955 aka sa shi makarantar cocin garin, inda ya faɗa hannun Malama Exilda Rancourt. Mijinta, Hormidas Rancourt, shi ne ya kafa ƙungiyar hoki ta garin mai suna Mahaƙa, kuma ya rasu a wata zaftarewar ƙasa a cikin rami shekara biyu kafin nan. Domin tunawa da shi ne hukumar gasa ta sa wa kofin shiyyar arewa suna Kofin Rancourt.

Malama Exilda mace ce mai tsanani, wadda ta ɗauki ladabi da muhimmanci fiye da lissafi, kuma babbar ƙa'idarta ita ce duk abin da babba ya miƙo wa yaro, da hannu biyu ake karɓa, a kuma yi godiya. An ruwaito cewa wata safiya mai tsananin sanyi Ludger ya karɓi littafi daga hannunta alhali ɗaya hannunsa na cikin aljihu. Ta riƙe littafin ba ta sake ba, ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Bellavance, ɗaya hannun naka aronsa ka bayar, ko a gida ka manto shi?” Aji ya fashe da dariya, shi kuma bai sake maimaita wannan kuskure ba har ya bar duniya. Bai yi fice a karatu ba, bai kuma yi da'awar hakan ba. Ya bar makaranta a shekarar 1965.

Aiki da Aure

A wannan shekarar ya bi sahun mahaifinsa ya shiga rami, ya fara da tura keken duwatsu, daga bisani ya zama mai riƙe injin fasa dutse. A shekarar 1968 ƙungiyar Mahaƙa ta ɗauke shi ɗan wasan tsakiya. Bai kai wasu gudu ba, amma yana da juriya da sanin inda faifai zai faɗa, kuma ba a taɓa jin ya ɗora wa abokin wasa laifi ba, ko a gaban ido ko a bayan ido.

A watan Yulin 1972 ya auri Huguette Marcotte, ma'aikaciyar gidan waya, mace mai baki da saurin dariya, wadda takan ce ta aure shi ne saboda ta samu wanda ba zai katse mata magana ba. Sun haifi Normand a 1973, da Ghislaine a 1976, da Yvon a 1980.

Kyaftin

A shekarar 1975 'yan wasa suka zaɓe shi kyaftin ba tare da hamayya ba, mahaifiyarsa da kanta ta ɗinka masa alamar a ƙirjin rigarsa mai lamba goma sha huɗu. Tsarin gasar a wancan zamani shi ne, idan kakar wasa ta ƙare a shiga wasannin fitar da gwani. Wanda ya zama zakaran arewa a ba shi Kofin Rancourt, sannan ya kara da zakaran kudu domin babban kofi, karawa har bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauka. Mahaƙa ba su taɓa kaiwa wannan mataki ba tun kafuwarsu.

Wasannin fitar da gwani suna da camfe-camfensu da kowa ke kiyayewa. Ɗan wasa ba ya aske gemu sai an cire ƙungiyarsa, wani ma safarsa ba ta ganin ruwa. Mafi girma daga ciki shi ne ba a taɓa ƙaramin kofi, wato na shiyya, da hannu. Akan ajiye shi a kan tebur, kyaftin ya tsaya gefensa hannuwa a baya, a ɗauki hoto, a watse, domin an yi imani cewa wanda ya sa wa ƙaramin hannu ya nuna ya ƙoshi, babban kuma ba zai zo masa ba. Mutanen da ba su yarda da aljanna da wuta ba ma sun yarda da wannan.

Shekarar 1979

A watan Maris na shekarar 1979 Mahaƙa suka zama zakarun arewa a karon farko, a filinsu, a gaban jama'arsu. Kasancewar kofin na ɗauke da sunan wanda ya kafa ƙungiyar, hukuma ta ga dacewar gayyatar matarsa ta halarci bikin. Malama Exilda a lokacin ta ba wa saba'in baya. An shimfiɗa mata darduma a kan ƙanƙara, an nuna mata teburin da za ta ajiye kofin, sai ta ce wa jami'in hukumar, “Tebur ne ya ci kofin mijina? Matsa ka ba ni wuri.”

Ta rungumi kofin, wanda azurfa ne mai nauyi a kan gindin katako, ta taka a hankali ta wuce teburin har gaban kyaftin, ta miƙa masa. Ludger na tsaye hannuwansa a baya kamar yadda al'ada ta tanada. Zauren wasan ya ɗauki ihu, maza da mata suna faɗin, “Kar ka taɓa! Kar ka taɓa!” Mai tsaron ragar ƙungiyar, Donat Rivard, ya matso ta bayansa yana raɗa masa, “Kyaftin, don Allah ka yi kamar ba ka gan ta ba.” Jami'in da ya kamata ya karɓe kofin ya tsaya kamar an dasa shi. Kofin ya fara sunkuyawa a hannun tsohuwar, amma ba ta janye ba. Waɗanda ke kusa sun ji ta ce, “Bellavance, hannuna ya gaji.”

Ludger ya cire safar hannunsa ya yar a kan ƙanƙara, ya sa hannu biyu ya karɓi kofin, ya ce, “Na gode, Malama.”  A hoton da jarida ta buga washegari, tsohuwar ce kaɗai ke murmushi.

Karawa da zakarun kudu, ƙungiyar garin Port-Vallier, ta kai har wasa na bakwai. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Ludger ya jefa faifai a raga sau shida a waɗannan wasanni, fiye da kowa a ɓangarorin biyu, kuma ya buga uku na ƙarshe da karyayyen haƙarƙari wanda bai faɗa wa kowa ba sai matarsa. 'Yan baya biyu na ƙungiyar suna kwance da rauni. Wasa na bakwai ya tashi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci, inda wani ɗan Port-Vallier ya bugo faifai daga tsakiyar fili, bugun da ba shi da ƙarfi, na neman samun sarari a sauya 'yan wasa kawai, ya silale ta tsakanin ƙafafun Donat Rivard ya shiga raga.

Bayan ƙungiyoyin biyu sun yi layi sun gaisa hannu da hannu bisa al'ada, wakilin gidan rediyo ya tari kyaftin ya tambaye shi ko laifin wa ne. Donat na zaune a kusa, kansa cikin tawul. Ludger ya dubi Donat, sannan ya ce, “Ni ne kyaftin. Laifina ne.” Kowane kyaftin yakan faɗi haka idan an sha kashi, jama'a su ji su wuce. A Val-Sorbier an ji, an kuma riƙe.

Rufe Rami da Abin da Ya Biyo Baya

A shekarar 1981 kamfanin ma'adinai ya rufe rami, rabin garin ya yi ƙaura, kuma a 1982 ƙungiyar Mahaƙa ta rushe saboda rashin mai ɗaukar nauyinta. Da haka wasan 1979 ya zama dama ɗaya tilo da garin ya taɓa samu, ba kuma wata kakar wasa mai zuwa da za ta wanke ta. Da rami ya ci gaba da aiki, mai yiwuwa da an manta. Amma mutanen da suka rasa aiki da maƙwabta da ƙungiya a lokaci guda suna neman wanda za su nuna da yatsa, kamfani kuwa yana can nesa a birni, Ludger kuma yana nan a layin coci.

Bai bar garin ba. Ya samu aiki da hukumar gari yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara da hunturu, da bazara kuma gyaran tituna, aikin da mutum ke yi shi kaɗai a cikin mota. Babu wanda ya zage shi ko ya jefi gidansa. Abin da aka yi masa wasa ne, kuma wasan ya fi zagi cin rai, domin ba a kai ƙararsa. Aka laƙaba masa Mai Hannu. Donat Rivard ya buɗe gidan abinci a bakin babban titi, inda tsofaffin 'yan wasa ke haɗuwa shan gahawa da miyar wake, kuma duk wanda ya san garin ya san can ne cibiyar tsokanar. Da Ludger ya turo ƙofa sai Donat ya ɗaga murya, “Jama'a, kowa ya ɓoye tikitin cacarsa, ga Mai Hannu nan!” Wani ya ce, “Kyaftin, na sayi sabuwar mota, don girman Allah ka gan ta da ido kawai.” Idan ya miƙa hannu za a gaisa, sai mutum ya noƙe nasa yana dariya ya ce, “A'a, ka bari sai matata ta haihu lafiya.”

Da fari yakan yi dariya tare da su. Daga baya ya daina miƙa hannun, daga baya kuma ya daina shiga. Mutumin da aka raba da sa hannu a aljihu tun yana ɗan shekara shida ya koma tafiya hannuwansa biyu a aljihu, a coci ma idan lokacin gaisawar salama ya yi sai ya sunkuyar da kai kawai. Huguette ta yi faɗa da kusan rabin matan garin a kan wannan magana. Ta taɓa tsayawa a ƙofar gidan abincin ta ce, “Donat, da ƙafafunka na rufuwa kamar yadda bakinka ke buɗewa, ai da kofin nan na garin nan.” An yi dariya, amma washegari aka ɗora daga inda aka tsaya. Shi kuwa Ludger da ya ji labari cewa ya yi, “Ki ƙyale shi, Huguette. Shi ma bai huta ba.”

Malama Exilda ta rasu a shekarar 1984. Shi ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ya ɗauki makararta.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya faru ne a cikin gidansa. A shekarar 1991, ranar da ƙungiyar yara ta ƙaramin ɗansa Yvon za ta buga wasan fitar da gwani, Ludger ya ɗauki sandar yaron zai naɗe mata baki da tef kamar yadda iyaye maza ke yi, sai yaron ya fizge ta ya ce, “Baba, kar ka taɓa min! Yara sun ce idan ka taɓa ba za su zauna kusa da ni ba.” Ya sakar masa sandar. Huguette ta shaida cewa a ranar ce kaɗai ta ga hawayensa tun rasuwar mahaifiyarsa.

Muhawarar Riga

A shekarar 1999, domin cika shekara ashirin da zama zakarun arewa, kwamitin zauren wasa ya yanke shawarar rataye rigunan fitattun 'yan Mahaƙa a rufin zauren, wanda shi ne girmamawa mafi daraja da ake yi wa ɗan hoki. An amince da riguna uku nan take, ciki har da ta Donat Rivard, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin. Da aka zo kan lamba goma sha huɗu taron ya rabu biyu.

Masu adawa suka ce kyaftin shi ne uban tafiya, ana ba shi kofi idan an ci, don haka dole a ba shi laifi idan an faɗi. Wasu suka ce ko camfin ƙarya ne, ya san abokan wasansa sun yarda da shi, kuma ya karya musu gwiwa kafin a fara. Wani ya ƙara da cewa ai shi da bakinsa ya amsa laifi a rediyo. Ghislaine, wadda a lokacin malamar makaranta ce, ta miƙe ta ce, “Mutum ashirin ne a ƙungiyar nan. Wanda ya ci muku shida da karyayyen ƙashi shi ne ya kashe ku? To ku faɗa min, cikinku wa zai bar uwarsa tsaye da kaya a hannu?”  Donat ya ce a kaɗa ƙuri'a, aka kaɗa, riga ta faɗi da rinjaye kaɗan.

Hujja ta biyu, ta karya gwiwar abokan wasa, ita kaɗai ce mai ɗan nauyi, kuma Ludger da kansa bai taɓa musanta ta ba. Amma kyaftin ɗan wasa ɗaya ne da aka ɗora wa magana da alƙali da 'yan jarida, ba shi ne mai tsaron raga ba, ba kuma shi ke warkar da masu rauni ba. Garin ya san haka sarai. Da Ghislaine ta kai masa labarin ƙuri'ar, tambayarsa ɗaya ita ce ko ta Donat ta wuce, da ta ce e, sai ya ce to madalla.

Shekarun Ƙarshe

Huguette ta rasu a watan Nuwamban 2003 bayan gajeriyar jinya, gidan da ya saba da muryarta ya yi shiru. Ludger ya yi ritaya a 2009. Normand ya daɗe da komawa kudu, Ghislaine na zuwa ranar Lahadi, sauran kwanakin kuwa shi kaɗai yake cin abinci a tsaye a bakin tagar kicin. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, duk da bai taɓa furta kalmar ba.

'Yar Yvon mai suna Maude, wadda aka haifa a shekarar 2000, ta taso da hoki a jininta, har ta zama kyaftin ɗin ƙungiyar 'yan mata ta garin. Kakanta yana halartar wasanninta na tsakiyar kakar wasa, ya zauna a kujerar ƙarshe ta sama. Amma idan wasannin fitar da gwani suka zo, Yvon yakan je ya same shi yana sosa ƙeya ya ce, “Baba, ka san halin mutanen nan. Ba don ni ba, don yarinyar.” Sai ya tuƙa motarsa ya ajiye ta a bayan zauren, ya kunna rediyo, ya saurari wasan jikarsa da ake bugawa a bayan bangon da ke gabansa.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A watan Fabrairun 2018 ciwon huhu, gadon shekarun rami, ya kwantar da shi a asibitin yankin. A cikin watan Maris ƙungiyar Maude ta kai wasan ƙarshe na lardi. Da safiyar ranar wasan ta shigo ɗakinsa da jakar kayanta a kafaɗa, Ghislaine na zaune a gefe. Da ya gan ta sai ya tura hannuwansa ƙarƙashin bargo.

“Tsoho, me kake ɓoyewa? Alewa ka sato?” in ji ta.

“Ja can, 'yar nema. Yau kina da wasa. Ki gaishe ni daga nan ya isa.”

“Ni da na zo a naɗe min sanda? Duba yadda Baba ya yi min ita, kamar an ɗaure ƙafar akuya.”

“Maude, idan kuka faɗi ke za su riƙe. Ba ki san su ba.”

“Na san su mana, a cikinsu na girma.”

Ta yaye bargon ta kamo hannunsa na dama ta riƙe da nata biyu, ta ƙi saki har ya daina ja. Sannan ta ɗora masa sandar a cinya, ya naɗe ta, ta karɓa ta tafi.

An ci ƙungiyar Val-Sorbier uku da biyu a wannan yammaci. Ludger ya saurari wasan a rediyon da ke gefen gadonsa, da aka busa tashi ya juya fuskarsa ga bango. Can sai aka ji wakilin rediyo yana tambayar kyaftin ko laifin wa ne. Maude, muryarta a dishe, ta ce, “Laifi kuma? Sun fi mu wasa ne yau. Mu ashirin muka zo, mu ashirin za mu koma.” Ghislaine ta ba da labarin cewa mahaifinta ya juyo yana dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa, “Kin ji ta? Ashe ana iya faɗin haka?”

Ya rasu a cikin wannan mako yana da shekara sittin da tara. An yi masa addu'a a cocin garin, kuma da yake ƙasa na daskare, an ajiye gawarsa a ɗakin ajiya na maƙabarta har zuwa watan Mayu, sannan aka binne shi kusa da Huguette. Jama'a ba su taru sosai ba. Donat Rivard ya zo da sandar dogarawa, ya tsaya gaban Ghislaine ya ce, “Wasa fa muke yi da shi. Ya san wasa ne, ko?” Ta dube shi ta juya. Har yau lamba goma sha huɗu ba ta hau rufin zauren ba.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Normand, injiniya a kudancin lardi, da Ghislaine, malamar makaranta a Val-Sorbier, da Yvon, direban motar katako. Ya kuma bar jikoki biyar: Francis, da Karine, da Olivier, da Justine, da Maude, wadda ta riƙe hannunsa ranar wasan ƙarshe.